Takardar Bayan Hoton Kakana

A ɗakin kakata a Shanga akwai hoton kakana cikin firam na katako, rataye sama da gadon ƙarfe tun kafin a haife ni. Da hutun Babbar Sallah na sauke shi don in goge ƙura, sai takardar da aka manna a bayansa ta ruburbushe a hannuna. Takardar buhun siminti ce. Ƙarƙashinta akwai yankin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka ninka aka yi ciko da shi, sai kwali, sannan hoton. A bayan hoton an rubuta sunan kakana da ajami, da sunan gungun da aka haife shi.

Gungun nan babu shi yanzu. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,200. An tashi mutane sama da 40,000, ciki har da Gungawan ƙasar Yawuri da ke noman albasa da su a tsibiran Kwara. Tsohon garin Busa ma ya nutse, aka gina sabo. Gwamnati ta ƙirga gidaje da mutane. Amma wane ne ɗan wane, daga wane gungu ya fito, wannan yawanci a bakin tsofaffi ya rage, sai kuma irin wannan ɗan rubutu da wani ya tuna ya yi.

Ƙasarmu ta daɗe da sanin cigiyar takarda. A 1830 wasu Turawan Ingila biyu 'yan uwan juna, Richard da John Lander, suka zo har Yawuri suna neman littafin tafiyar Mungo Park, wanda ya halaka a ruwan Busa wajen 1806. Sun yi makonni suna jiran Sarki, suka koma hannu rabbana. A Busa an nuna musu wani littafin lissafin matuƙan jirgin ruwa, da 'yan takardu a tsakanin shafukansa, har da takardar kuɗin tela. Abin da aka ɗauka da daraja ya ɓace, tarkacen da aka cusa a tsakiya ya tsira. Na tuna da wannan ina riƙe da yankin jaridar nan.

Mai firam ɗin ba tarihi yake adanawa ba, gilashi yake so kada ya yi ta kwaramniya. Jarida ce mafi sauƙin samu: a 1939 aka fara buga Gaskiya a Zariya, kuma idan an karance ta sai ta koma wurin mai ƙosai ko mai firam. Illarta ita ce da garin itace ake yin takardar jarida, akwai tsami a jikinta, tana tsufa tana yin ja tana karyewa, ta kuma shafa wa abin da ke jingine da ita. Kwalin bayan kakana duk ya yi dabbare-dabbare. Gwada ta da takardar malamanmu na da, mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke kawowa daga Italiya ta Tarabulus zuwa Kano. Da tsumma ake yin ta, shi ya sa littattafan da suka haura shekara ɗari suke nan garau cikin gafaka.

Takardar waje kuwa ta yi aikinta. Ita ta tare ƙurar hunturu da kyankyasai shekara da shekaru. Ni da nake rubuta manhaja nakan ji kunya a nan: hotunan da na ɗauka da wayata ta farko sun tafi tare da katin ajiyarta, ko shekara goma ba su yi ba.

Wani dattijon kafinta a Yelwa ya nuna mini yadda ake sake ta. Na kankare tsohon gam, na sa kwali sabo mai tsabta, na mayar da ƙananan ƙusoshin. Na yanko takarda mai kauri da ta ɗan fi firam ɗin girma, na shafa gam siriri a gefen katakon kaɗai, ba a kan kwalin ba. Ya ce in ɗan yayyafa wa takardar ruwa kafin in manna, in ta bushe za ta ɗaure kamar fatar kalangu. Haka kuwa aka yi. Na bi gefen da reza na datse rarar.

Jaridar ban mayar da ita ciki ba, tana cikin ambulan dabam. A kan sabuwar takardar na kwafi sunan kakana da na gungun da fensir, da boko da ajami. Kakata ta sa na karanta mata, ta ce a ƙara sunan mahaifiyarsa, don ita ma can aka binne ta.