Bakan Gizo da Ginin Gotik: Darasi ga Ƙasar Gwandu



Salon ginin da Turawa ke kira Gotik ya tsiro ne a Faransa, a cocin San Deni kusa da Faris, wajen shekarar 1144. Sirrinsa shi ne bakuna na dutse waɗanda ke ɗauke da nauyin rufi, su sauke shi a kan ginshiƙai. Da salon ya isa arewacin Jamus, inda dutsen gini ya yi ƙaranci, sai maginan birnin Lubek suka koma ga jan bulo, suka fitar da nasu salo wanda ya bazu a gaɓar Tekun Baltik. Wato abin da ƙasa ta tanada shi ke tsara hannun magini.

Haka abin yake a ƙasar Hausa. Magininmu tubali yake da shi, da azarar giginya wadda gara ba ta ci. Amma azara ba ta ɗaukar rufi mai faɗi. Don haka sai ya riƙa jera ta daki-daki daga bango, kowace ta ɗara ta ƙasanta, ya ɗaure, ya lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Wannan shi ne bakan gizo. Idan bakuna suka gitta juna kuwa, a ce ɗaurin guga. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen 1830 da 'yan kai.

To, ina ƙasar Gwandu a wannan zance? Tun ƙarni na 16 Kanta ya kewaye Surame da ganuwar dutse da ƙasa. Gwandu kuma ta zama mazaunin Shehu Usmanu a 1805, sannan cibiyar mulkin Malam Abdullahi, inda hubbarensa yake. Ƙasa mai wannan tarihi ba ta rasa gwanayen gini ba.

Sai dai cocin Lubek na iya jiran masu gyara shekara da shekaru, ginin ƙasa kuwa in an fasa yaɓe damina kaɗan, ya tafi. Saboda haka gadonmu na ainihi yana cikin kan tsofaffin magina. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta ke daura da Kalgo, ita ta fi cancanta ta bi su gida-gida, ta auna soraye da zaurukan da suka rage, ta rubuta sunan kowane ɗauri, tun kafin siminti da kwano su shafe sawunsu.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.