Danniyar Jijiyar Ji ta Gefen Cinya: Nazari a kan Dalilan da Ba a Saba Gani Ba

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bitar ciwon da ke tasowa idan aka danne jijiyar ji ta gefen cinya, wanda likitoci ke kira meralgiya. Ta taƙaita dalilan da aka saba gani, sannan ta tsaya a kan waɗanda ke ɓoye cikin mara da ƙugu. Matsayarta ita ce zugin cinya na iya zama alamar farko ta cuta mai haɗari, don haka bai kamata a sallami majinyaci da maganin kashe zafi kawai ba.

Gabatarwa

A shekarar 1895 ne likitan Jamus Martin Bernhardt da likitan Rasha Vladimir Roth suka wallafa bayanin ciwon, kowa da nasa aikin. Roth ne ya raɗa masa suna daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin cinya da ciwo. Wani bincike da aka wallafa a 2004 daga ƙasar Holan ya samu mutum 4.3 cikin kowane 10,000 suna kamuwa a shekara. Wani kuma na gundumar Olmsted a Amurka, na 2011, ya nuna masu ciwon sukari sun ninka sauran jama'a kusan sau bakwai wajen kamuwa.

Hanyar Jijiyar da Alamomi

Jijiyar tana fitowa daga laka ta saiwa ta biyu da ta uku na kwankwaso. Tana ratsa bayan ciki, ta bi ta kan tsokar da ta lulluɓe ƙashin ƙugu daga ciki, ta kurɗa ƙarƙashin igiyar matsematsi daf da tsinin ƙashin ƙugu na gaba. A wannan ƙuntataccen wuri aka fi danne ta. Aikinta ji ne kaɗai, ba ta motsa tsoka. Majinyaci zai shafa gefen cinyarsa da tafin hannu ya ce wurin kamar an barbaɗa barkono, ko kamar tururuwa na yawo, har gogar wando ma ba ya so. Tsayuwa da tafiya na ƙara zugin, zama na rage shi. Da yawa kan ɗauka sanyi ne.

Dalilan da Ba a Saba Gani Ba

Ƙiba, juna biyu, ciwon sukari, matsattsen bel da ɗaure zariya tamau su ne sanannun dalilai. Sauran sun kasu uku.

Na farko, abin da ke danne jijiyar daga cikin ciki. Tarin fuka na ƙashin baya kan tara mugunya ta gangaro cikin tsokar kwankwaso har matsematsi, kuma wannan abin lura ne a Nijeriya da Nijar inda cutar ke da yawa. Babban ƙarin mahaifa, ƙarin bayan ciki, da sankarar da ta bazu zuwa ƙashin ƙugu duk an ruwaito su. Haka nan jini kan taru cikin tsokar ƙugu ga mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, ko mai cutar rashin daskarewar jini.

Na biyu, abin da aikin asibiti ke jawowa: yanko ƙashin ƙugu don dashe, tiyatar gwaiwa ta na'urar leƙa ciki, sauya gaɓar ƙugu ta gaba, da daɗewa a kwance rub da ciki yayin tiyatar baya. An ga irin wannan ga majinyatan korona da aka kifar a ɗakin kulawa ta musamman.

Na uku, cututtukan da ke raunana jijiyoyi su kansu, kamar kuturta, gubar dalma da yawan shan barasa.

Ganewa da Magani

Gwaji mai sauƙi shi ne a kwantar da majinyaci a ɓangaren da ke lafiya, a danna ƙashin ƙugu na daƙiƙa 45. Idan zugin ya lafa, matsalar na matsematsi. Amma in aka ga gwiwa na sagewa, tsokar cinya ta kankance, ko akwai zazzaɓi, rama, zufar dare ko kumburin mara, to lamarin ya wuce wannan jijiya, sai an yi hoton ciki da na ƙashin baya. A rahoton Williams da Trzil na 1991, kashi 91 cikin 100 na majinyata 277 sun samu sauƙi ba tare da tiyata ba. Sassauta sutura, rage ƙiba da allurar kashe zafi a wurin su ne matakan farko.

Kammalawa

Mafi yawan masu wannan ciwo suna warkewa cikin sauƙi, kuma wannan sauƙin ne ke sa a yi sakaci da 'yan kaɗan da ke ɗauke da babbar cuta. Muna kira ga ma'aikatan lafiya, musamman na karkara, da su taɓa cikin majinyaci, su gwada ƙarfin gwiwarsa, su tambaye shi magungunan da yake sha kafin su ce bel ne ya matse shi.