Ɓarawon da ba ya tsufa da Samanjan da ya tafi

Muna yara a Ƙauyen Alu, da an idar da sallar magariba sai mu yi cincirindo a tsakar gidan maƙwabcinmu mai talabijin, manya a kan tabarma, mu a ƙasa. Gidan CTV, wanda Gwamna Abubakar Rimi ya kafa a farkon shekarun 1980, yana nan kan titin Maiduguri ba nisa da mu, amma a wurinmu kamar wata duniya ce daban. Abu biyu ke zaunar da mu: wasan kwaikwayon Hausa, da katun. Ba mu san cewa Voltron da muke kwaikwayo a filin ƙwallo asalinsa zanen Japan ba ne, Amurkawa suka sake masa suna da murya.

Sai da na girma na gane cewa mu da Japanawa mun taɓa tsayawa a mararraba guda: yaya za a ɗauki abin dariyar da mutane suka saba gani na rabin awa a talabijin a mayar da shi cikakken fim?

Su sun fara da wuri. A ranar 1 ga Janairun 1963 aka soma nuna Astro Boy na Osamu Tezuka a talabijin, kuma a 1964 aka harhaɗa wasu sassansa aka kai silima. Wannan dai ɗinki ne kawai. Wanda ya fi jan hankalina shi ne Lupin na Uku, wani ɓarawo ɗan barkwanci da mai zane Monkey Punch ya ƙirƙira a 1967, ya shiga talabijin a 1971. Kullum yana sata, kullum Sufeto Zenigata na bin sa, kullum yana kuɓucewa. A 1978 aka yi masa fim na zane na farko, a Disambar 1979 kuma aka fitar da The Castle of Cagliostro, fim na farko mai tsawo da Hayao Miyazaki ya ba da umarni. Miyazaki ya fahimci cewa raha kaɗai ba za ta riƙe mai kallo awa ɗaya da rabi ba, don haka ya ba ɓarawon zuciya: ya sa shi ceton wata gimbiya da ake shirin yi wa auren dole. Fim ɗin bai yi wata kasuwar kirki ba da farko. Yau kuwa ana lissafa shi cikin manya, mutumin da ya yi shi kuma shi ne ya zo ya kafa Studio Ghibli da abokan aikinsa a 1985.

A nan Arewa ba mu rasa gwanaye ba. Daga Kaduna akwai Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, Banufe kuma tsohon soja, wanda ya mayar da gurɓatacciyar Hausar bariki abin da ke sa dattijo ya riƙe ciki. Akwai Ƙasimu Yero da Karambana, akwai Karkuzu na Bodara daga Jos. Kowannensu na da abin da Lupin ke da shi: hali guda sananne, da jama'ar da ke jiran sa duk mako.

Abin da ba mu da shi shi ne hanyar silima. Gidajen kallo na Kano irin su Plaza da Marhaba da El Dorado finafinan Indiya da na Sin suka cika su, fim na majigi kuma tsadarsa ta fi ƙarfin ƙungiyar wasan kwaikwayo. Sai muka bi ta kaset. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa, wadda ta goge a wasannin talabijin, ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka kai kasuwa. Daga nan harka ta buɗe, har Zoo Road, nan kusa da Gyaɗi-Gyaɗi, ta cika da ofisoshin 'yan fim. Sai dai abin da ya mamaye kaset soyayya ce da rawa da waƙa. 'Yan wasan talabijin sun ƙaura, amma yawancinsu sun je ne a matsayin iyaye da sarakuna a labarin wasu; halayen da aka san su da su an bar su a tashar.

Mutum ɗaya ne, a ganina, ya warware matsalar ta hanyarsa: Rabilu Musa Ɗanlasan. Ibro ya zama shiri mai dogon zango wanda ba ya buƙatar tasha. Yau Ibro Usama, gobe Ibro Awilo, jibi wani abu daban, hali ɗaya a riga dabam-dabam, daidai yadda Japanawa ke fitar da fim ɗin Doraemon kusan kowace shekara tun 1980.

To amma a nan bambancin ya fito, kuma shi ne ke damuna. Mai yi wa Lupin murya, Yasuo Yamada, ya mutu a 1995, aka ɗauko Kanichi Kurita ya ci gaba. Monkey Punch kansa ya mutu a 2019, ɓarawonsa na nan yana tsalle, ko furfura ɗaya bai yi ba. Namu barkwancin kuwa a jikin mutum yake zaune. Ibro ya rasu a Disambar 2014, masu kwaikwayonsa sun yi ta gwadawa, ba wanda ya gaje shi. Ƙasimu Yero ya bi a 2017, Samanja a Nuwambar 2023. Allah ya jiƙan su. Ba wanda zai sa kakin Samanja mu yarda.

Abin mamaki, yanzu mun koma inda muka fito. Kasuwar faifai ta mutu, shiri mai dogon zango ya dawo: Daɗin Kowa, Labarina, da Gidan Badamasi na Falalu Ɗorayi, a Arewa24 da YouTube. Kwanan baya na nemo wa ɗana Samanja a waya, na samu 'yan guntaye masu dishi-dishi, muryar na shaƙewa. Ya kalla na minti biyu, ya yi murmushi don kada na ji kunya, ya karɓi wayar ya koma kan katun ɗinsa na Japan.