Me ya sa Windows ke yin afdet ko ba ka so? Zare 🧵

1/ Duk wanda Windows ta taɓa cinye wa data da afdet yana tsaka da aiki, ya matso kusa. Wannan tilastawar tana da tarihi, kuma a ganina daga 2003 ta samo asali. Ku biyo ni.

2/ A da, ɗora Windows aiki ne na zaman dirshan. Windows 95 a kan fulofi 13 take zuwa ga wanda kwamfutarsa ba ta cin faifan sidi. Ka sa ɗaya, ka jira, ka zare, ka sa na gaba. Idan na 11 ya lalace, to sai haƙuri.

3/ Windows Update ta zo tare da Windows 98, amma ganin dama ne. Da intanet ɗin lokacin mai tafiyar hawainiya, wa zai zauna?

4/ Sai XP a Oktoban 2001. Mu da muka taso zamanin kafe mun san maganin kowace cuta ɗaya ne: fomatin. Ta yi nauyi? Fomatin. Bairos? Fomatin. A sa faifai, a buga lambobi da haruffan nan 25, a wuni ana neman direban sauti.

5/ To a Agustan 2003 wata tsutsa mai suna Blaster ta ɓulla. Ita ba sai ka buɗe wani saƙo ko ka danna komai ba. Kwamfuta na kan intanet kawai, za ta lalubo ta, ta shiga ta wata kafa da ke cikin Windows ɗin kanta. Sai ka ga sanarwa: saura daƙiƙa 60 kwamfuta ta mutu ta sake tashi. Ta tashi, ta maimaita.

6/ Abin haushin, Microsoft ta fitar da facin wannan kafar tun 16 ga Yuli, kusan wata guda kafin nan. Mutane ne ba su ɗora ba.

7/ Nan ne fomatin ya ci amanar masu gyara. Faifan da ke hannunka na 2001 ne, da kafarsa a buɗe. Ka goge komai, ka ɗora sabuwar XP fes, ka jona intanet don sauke facin, kafin ya gama sauka tsutsar ta riga ta shige. Wato kai da kanka ka mayar da ƙofar da ba ta da sakata.

8/ Daga Oktoban 2003 Microsoft ta tsayar da ranar fitar da faci: Talata ta biyu a kowane wata, har yau. A Agustan 2004 kuma Service Pack 2 ta zo da katangar tsaro a kunne tun farko. Wallahi ni a wurina wannan ita ce XP ta gaskiya.

9/ Da Windows 10 ta fito a Yulin 2015, aka daina roƙon masu kwamfutar gida. Afdet dole. Mutane suka yi ta ƙorafi, sai ga WannaCry ranar 12 ga Mayun 2017: ta kulle fayiloli a ƙasashe kusan 150, tana neman dala 300, har asibitocin Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Facinta ya fito tun Maris. Mafi yawan waɗanda ta kama Windows 7 ce.

10/ Amma fa masu ƙorafin ma suna da hujja. Babban afdet na Oktoban 2018 ya goge wa wasu fayilolinsu, dole aka janye shi cikin 'yan kwanaki, sai Nuwamba ya dawo. Shi ya sa nake cewa kafin kowane babban afdet a kwashe muhimman abubuwa a falas.

11/ Idan data ce matsalar, akwai saitin da za ka shaida wa Windows cewa datarka a ƙidaye take, ta rage sauke-sauke. Ya fi kashe afdet ɗin gaba ɗaya da wasu masu gyara ke yi wa mutane.

12/ Abin da ya fi damuna yanzu: tallafin Windows 10 ya ƙare 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0 da Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Ku duba laftof ɗinku 'yar Beljiyam, da yawa zubi na 4 ne zuwa na 7.