Gidajen Sinima a Kano da Labarin Wutar El Duniya

A shekarar 1937 aka buɗe Rex, ɗaya daga cikin gidajen sinima na farko a Kano. Kwarori 'yan kasuwa ne suka shigo da sana'ar, suka dasa ta a wajen ganuwa, ɓangaren da baƙi ke zaune. Fili ne mara rufi, sai duhu ya yi ake haska fim. Mutanen birni ba su saki jiki da abin ba. Ga mutane a jikin bango suna tafiya suna magana, alhali babu rai tare da su, shi ya sa wasu ke ce masa dodon bango. Malamai suka yi ta muhawara a kan hukuncin kallonsa, iyaye kuwa suka ɗauki zuwa sinima a matsayin iskanci.

Duk da haka samari suka yi ta tururuwa, gidajen suka ƙaru. Ranar 13 ga Mayu 1951 wuta ta tashi a sinimar El Duniya, wadda ita mai rufi ce, ana tsakiyar kallo. Daga ɗakin na'ura ta fara, domin fim ɗin wancan zamani da ɗan zafi kaɗan yake kamawa, ta bi rufi ta mamaye ɗakin. Cikin 'yan kallo kusan 600, mutum 331 suka rasu, har da yara.

Kafin a gama binne gawarwaki, labarai sun cika gari. Wasu suka ce an nuna siffar Annabi (SAW) a fim ɗin, shi ne azaba ta sauka. Wasu suka ce tun ana aikin ginin masu wucewa ke tsine masa, tsinuwar ce ta taru ta zama wuta. Gwamnatin Turawa ta kafa kwamitin bincike, ta kuma ƙaryata jita-jitar ta rediyo, amma maganar bakin kasuwa ta riga ta yi nisa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda waɗannan labarai suka mayar da mamatan masu laifi, aka bar iyayensu da kunya a kan baƙin ciki, alhali 'ya'yan mutane ne da suka rasa hanyar fita.

A 1952 aka buɗe Palace a Jakara, kusa da Kasuwar Kurmi, sinima ta farko a cikin ganuwa. Wurin ma da nasa tarihin: tsoffin labaran Kano sun ambaci kurmin Jakara da baƙin ruwansa cikin wuraren tsafin mutanen Barbushe. Da aka buɗe ta, matasa masu adawa da ita suka yi ta ruwan duwatsu, sai da 'yan sanda suka shiga tsakani. Palace ta tsira, ta yi shekaru tana haska finafinan Indiya, Plaza da Orion da Marhaba suka biyo baya. Da bidiyo ya shiga gidaje kasuwar sinima ta ja baya, ginin Palace kuwa aka mayar da shi asibiti.