Karatun Tarihi da Falsafa a jami'a: Abin da ɗalibin Jigawa ke fitowa da shi

Duk shekara idan sunayen waɗanda suka samu gurbin shiga jami'a suka fito, akan samu gidaje a Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu inda murna kan zo da sanyin jiki. Yaro ya nemi karatun lauya, sai aka ba shi Tarihi. Tambayar da mahaifi kan fara yi ita ce, wane aiki zai samu da wannan? Idan kuwa Falsafa ce, tambayar kan fi haka nauyi, domin wasu iyayen na jin tsoron kada ta taɓa wa yaro aƙida.

Tarihi da Falsafa fannoni ne biyu da ake karantawa a tsangayar adabi da al'adu. Ɗalibin da ya shiga ta jarrabawar JAMB yakan yi shekara 4, wanda ya zo da takardar NCE ko makamanciyarta kuma shekara 3. Ana neman kiredit 5 a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Ingilishi. Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, tana da Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da aka kafa a 2013, inda ake karanta Tarihi. Da yawa daga cikin 'yan jihar kuma kan nufi Jami'ar Bayero a Kano ko Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Falsafa ta fi tsayuwa da ƙafafunta a jami'o'in Kudu irin su Ibadan da Nsukka da Legas, amma akwai sashenta a Zariya.

Tarihi ba haddar sunayen sarakuna ba ne

Mutane da dama na ɗaukar cewa ɗalibin Tarihi yana zaune ne yana haddace sunayen sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙe. Wannan kaɗan ne daga aikin. Jigon karatun shi ne auna labari: wa ya faɗe shi, yaushe, ga wa, kuma me yake nema da faɗinsa.

Tarihin Dutse kanta misali ne mai kyau. Daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da suka ambaci garin akwai kundin tarihin sarakunan Kano na Larabci, wanda H.R. Palmer ya buga fassararsa da Ingilishi a 1908. Kundin ya ambaci Dutse a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda aka saba sanya mulkinsa tsakanin 1438 da 1452, ya kuma kawo labarin yaƙin da Sarki Kumbari ya kai wa garin a ƙarni na 18. Mai karatu na yau da kullum zai ɗauki shekarun ya wuce. Ɗalibin Tarihi kuwa za a nuna masa cewa kundin bai kawo shekarun ba, tsawon mulkin kowane sarki ya kawo, Palmer ne ya yi lissafi da baya-baya har ya kai ga shekara ta 999 ga Bagauda. Kuskure a mulkin sarki ɗaya ya isa ya gusar da duk na gabansa. Za kuma a nuna masa cewa kundin ya tsaya ne a zamanin Sarki Muhammad Bello, a ƙarshen ƙarni na 19, kuma daga fadar Kano aka kalli al'amuran. Abin da fadar ta kira tawaye, wataƙila mutanen Garu da wani suna suka san shi. Saboda haka sai ɗalibi ya nemi bakin dattawan Dutse, da waƙoƙin fada, da rahotannin jami'an mulkin mallaka, ya jera su ya ga inda suka haɗu da inda suka rabu.

Wannan tarbiyya ce ta ɗaga sunan sashen Tarihi na Zariya. Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya assasa cibiyar Arewa House a Kaduna a 1970, ya yi jayayya da masu ɗaukar labarin Bayajida a matsayin cikakken bayanin yadda daulolin Hausa suka kafu, labarin da ya shafi Jigawa kai-tsaye tunda Biram ta Garun Gabas na cikin Hausa Bakwai. Ɗalibinsa Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya rasu a 2005, ya bi garuruwan ƙasar Katsina yana tattara bayanai daga bakin mutane, ya fitar da littafinsa a 1981.

Ba takarda da baki kaɗai ne shaida ba. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zane-zanen shanu da Bernard Fagg ya yi nazari a kansu a shekarun 1950, tare da duwatsun da ke amo idan an buga su. Shanun da aka zana ba su da tozo, alhali shanun da ke kiwo a gindin duwatsun a yau masu tozo ne. Daga wannan ɗan bambanci ɗalibi kan koyi yadda ake fitar da tambaya daga abin da ido ya gani.

Falsafa ba baƙuwa ba ce a nan

Falsafa nazari ce a kan tushen abubuwan da mutane ke ɗauka kamar an gama magana a kansu: mene ne ilimi, me ya sa wani aiki ya zama adalci, me ya wajabta wa talaka bin hukuma, kuma yaushe hujja take zama hujja. Reshenta da ya fi amfani a rayuwar yau da kullum shi ne mandiƙi, wato ƙa'idojin gane ko sakamakon magana ya fito daga abin da aka gina ta a kai.

Masu yi mata kallon kayan Turawa sun manta da zaure. Shehu Muhammad al-Maghili, wanda ya zauna a Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a kan mandiƙi, har ya kare ilimin a musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar wanda ke ƙyamarsa. Littafin Sullam na al-Akhdari, da aka rubuta a ƙarni na 16, har yanzu ana karanta shi a gaban malamai. Shi kuwa Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta wajen 'yarsa Khadija, wanda ya rasu a 1864, ya haɗa fannonin biyu: ya rubuta Raudatul Afkar a kan tarihin ƙasar Hausa, ya kuma yi rubuce-rubuce a falsafa. Saɓanin malamai a kan falsafa tsoho ne, kuma damuwar iyaye ba shirme ba ce, domin ɗalibi zai karanta marubutan da ba su yarda da abin da ya yarda da shi ba. Sai dai Imam Ghazali, wanda ya fi kowa suna wajen sukar masana falsafa, sai da ya karance su ya tsara ra'ayoyinsu kafin ya mayar musu da martani, kuma bai yar da mandiƙi ba.

Abin da ke saura bayan an manta da darasi

Wanda ya yi karatun da gaske yakan fito da iya karanta doguwar takarda ya ciro ainihin abin da ta ƙunsa, da iya rubuta shafi biyu da hujjarsu ke tsaye, da haƙurin jin ɓangare na biyu kafin yanke hukunci. Ma'aikacin sakatariya ya san darajar wannan. Takardar da ake shirya wa kwamishina ko majalisar zartarwa ba ta wuce tarihin matsala, da zaɓin da ake da shi, da dalilin fifita ɗaya. Rikicin gona da burtali, ko na iyakar gunduma, yakan koma ne ga tsohon fayil da shaidar dattawa, waɗanda sau da yawa kan saɓa wa juna. Ko matsayin masarautar Dutse sai da tarihi ake fahimtarsa: Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga ta a 1981, Sabo Bakin Zuwo ya soke matakin a 1983, sannan ƙirƙiro Jigawa ya tabbatar da ita cikin masarautun jihar 5.

Ɗan kasuwa ma yana wannan aiki ko da bai kira shi da suna ba. Dillalin da ya ce farashin riɗi zai tashi a kasuwar Shuwarin, ana tambayar daga ina ya ji, kuma me zai samu idan an yarda da shi. Ibn Khaldun ya yi irin wannan tambaya a Muƙaddimarsa ta 1377, inda ya ƙi karɓar alƙaluman rundunonin da marubuta ke kawowa sai ya gwada su da abin da ƙasa za ta iya ciyarwa. Saƙon da ke yawo a WhatsApp bai fi ƙarfin wannan ma'auni ba.

Gaskiyar da ya kamata iyaye su sani ita ce, digirin ba ya zuwa da kujera a ajiye kamar na likita. Mai shi kan shiga aikin gwamnati a mataki na 8 a ɓangaren mulki, ko aikin jarida, ko ƙungiyoyin raya ƙasa, ko gidajen adana kayan tarihi, wasu kuma su koma su karanta lauya. Mai son koyarwa sai ya ƙara da difilomar ilimi ya yi rajista da hukumar malamai ta TRCN. Wannan ƙofa ta ƙara buɗewa: an cire Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare tun zangon 2009/2010, kuma da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi a Nuwamba 2022, ta sanar da zaɓen malamai 3,700 domin horarwa, 100 daga kowace jiha da Abuja.

A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi yakan rubuta kundin bincike, kuma malaman Tarihi sun fi son ya zaɓi abin da ke kusa da gida: kasuwar garinsu, ko sana'ar unguwarsu, ko wata sarauta. Ɗan Dutse da ya ɗauki irin wannan batu yakan kwana a Kaduna, domin a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke can ake samun fayilolin tsohon Lardin Kano, waɗanda suka ƙunshi rahotannin haraji da na gundumomin da a yau suke cikin Jigawa.