Shekaru bayan harin Bosso: abin da yaƙin Diffa ya koya wa malamin lakwal

A shekarar 2016 aka kawo mini wani yaro ajina na CM1 a nan Damagaram. Daga Bosso iyayensa suka gudo. Ba shi da takardar haihuwa, ba shi da shaidar ajin da ya tsaya, kuma in mota ta yi ƙara a waje sai ya shige ƙarƙashin tebur. Tun ranar nake bin tarihin wannan yaƙi, don in san abin da zan ce wa ɗalibai in sun tambaye ni.

Abin ya faro ne a Maiduguri, inda Muhammad Yusuf ya tara mabiya a farkon shekarun 2000, yana wa'azin ƙin karatun boko da aikin gwamnati. A watan Yulin 2009 mutanensa suka gwabza da jami'an tsaron Najeriya, aka kama shi, ya mutu a hannun ƴan sanda. Aka ɗauka magana ta ƙare, ashe an kashe maciji ba a sare kansa ba. Abubakar Shekau ya gaje shi, hare-hare suka dawo da ƙarfi. A watan Afrilun 2014 aka sace ɗalibai mata 276 a Chibok.

Mu a Nijar muna jin labarin a rediyo kamar na nesa, alhali kogin Komadugu ne kaɗai tsakanin jahar Diffa da Borno, kuma dangi ɗaya ne a gaɓar nan da waccan. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 wutar ta tsallako: aka kai hari Bosso da Diffa. A watan Afrilu aka afka wa sojojinmu a tsibirin Karamga, muka yi asarar rayuka masu yawa. A watan Yunin 2016 aka sake faɗa wa Bosso, dubban mutane suka watse, suka kafa bukkoki a bakin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1.

Gwamnati ta mai da martani. Aka sa dokar ta-ɓaci a jahar, sojojinmu suka haɗa kai da na Cadi, Najeriya da Kamaru. Aka hana hawa babur, aka hana cinikin kifi da na jan tattasai, domin mayaƙan na karɓar haraji a kansu. Aka umarci mazauna tsibiran tafkin Cadi su tashi.

Ba na musun jinin da sojojinmu suka zubar. Ba don su ba da garuruwa da dama sun faɗi. Amma tattasai da kifi banda su ne arzikin Manga, kabu-kabu kuma shi ne ofishin matashin da bai sami aiki ba. Ranar da aka rufe waɗannan ƙofofi, an toshe wa maƙiyi hanyar kuɗi, an kuma toshe wa talaka hanyar tuwo. A ƙarshen 2015 lakwal kimanin 150 ne a rufe a jahar. Saurayin da ba gona, ba kasuwa, ba aji, in wani ya zo masa da alkawarin babur da kuɗin aure, me muka bar masa da zai riƙe ya ce a'a?

Hukuma ma ta gane haka daga baya. A watan Disamban 2016 Bazoum Mohamed, yana ministan cikin gida, ya sanar da buɗe ƙofa ga masu tuba, aka kafa cibiyar Goudoumaria inda ake koya musu sana'a. Sannu a hankali aka sassauta dokar tattasai da ta kifi. A 2021, shekarar da Shekau ya mutu, aka fara mai da mutanen Baroua garinsu. Duk da haka yaƙin bai ƙare ba, don ƙungiyar ta rabe tun 2016, kuma ɓangarorinta suna nan a tafkin.

Dalilin da ya sa nake tuna mana wannan shi ne, abin da Diffa ta gani yanzu Tillaberi na ganinsa, arewacin Tahoua ma haka, kudancin Maradi kuma na fama da ƴan bindiga. Ko'ina lakwal ce ke fara rufewa, ita ce kuma ke ƙarshen buɗewa.

Ƴan uwana malamai, in aka kawo muku ɗan gudun hijira, ku zaunar da shi tukuna, takarda ta biyo baya. Iyaye kuma, in lakwal ɗin garinku ta rufe, kada ku jira sai an buɗe. Ku kai yaro wurin dangi inda ake karatu, ƴa mace ma haka. Yaron nan na Bosso ya daina shiga ƙarƙashin tebur kafin hutun damina, ya kuma wuce kwaleji tare da sa'o'insa. Allah ya ba mu zaman lafiya.